Shafin da Muhyiddeen Ya Cire

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
6 ga Afrilu, 2025

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya ke da Ummi Kulsum. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ta hana ni sallah a tsaye tun cikin azumi. Ƙanwarki Kamila tana gaishe ki.

Hajiya A'i ta kawo mini takardarki washegarin saukarta daga saron Dubai, tare da man zafin. Na gode. Kin ce lauyarki ta hana ki yin maganar shari'ar nan a waya, saboda an nemi a duba saƙonnin da ke cikinta. A nan kam ta yi daidai. Kin san ni ban taɓa yarda a yi maganar aure a waya ba. Tunda A'i tana zuwa duk bayan mako biyu, sai mu riƙa ba ta.

Amma abin da kika roƙa ba zan yi ba. Kin ce alƙali ya umarce ku, ke da mijinki, kowa ya fito da takardun da yake da su, ya kuma amsa tambayoyin ɗan'uwansa a rubuce, don haka in tattaro miki duk wasiƙun da Muhyiddeen ya taɓa rubuto mini. Ni ba na cikin shari'arku. Suruki ya rubuto wa uwar matarsa magana don girman da yake ba ta, ita kuma ta kwasa ta miƙa wa baƙi su karanta? Ba haka aka rene ni ba, kuma ba haka na rene ki ba.

Tun farko ban so kika kai shi ƙara ba. Na ji ya kwashe kayansa ya koma ɗakin da ke saman shagonsu a Ras Al Khor, wata takwas bai sake ki ba bai dawo ba. Ban ce ya kyauta ba. Amma yana da iyaye, kina da su. Mace mai mutunci iyaye take kai wa kuka. Da mahaifinki yana raye da ba ki fara ba.

Maganar cewa yana neman kotu ta ba shi riƙon Ummi, barazana ce kawai ta namiji da aka ɓata wa rai. Ina zai kai yarinya 'yar shekara shida a cikin tsofaffin injina da baƙin mai? Ki janye, ki ba shi haƙuri, ki ga in bai sauko ba.

Ki riƙe sallah a kan lokaci. Ki rage baki.

Mahaifiyarki,
Khadijatul Kubra

*

Al Karama, Dubai
19 ga Afrilu, 2025

Umma,

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya. Ummi ta fara faɗuwar haƙori, tana ta nuna wa kowa giɓin.

Umma, ba barazana ba ce. Ya rubuta, lauyansa ya sa hannu, an buga hatimi. Yana neman a ɗauke Ummi daga hannuna gaba ɗaya, kuma fasfonta yana wurinsa. Ya taɓa faɗa mini da bakinsa cewa tunda sunan mahaifiyarsa ta ci, can gidansu ya kamata ta tashi. In aka ba shi ita, khalas, shi ke nan, sai dai in riƙa ganinta a hoto.

Bari in gaya miki yadda abin yake a nan. Lauyata, wata 'yar Sudan, ta rubuta masa tambayoyi goma sha bakwai. A ina kake kwana? Wa zai duba yarinya in kana sito? Kana da niyyar fita da ita daga ƙasar? Ta taɓa kwanciya asibiti tana hannunka? Duk ya amsa yadda ya so. Ya ce ya kama gida mai ɗaki biyu, ya ce ba inda zai kai ta, ya ce ko ciwon kai ba ta taɓa yi a wurinsa ba sai zazzaɓi sau ɗaya. Ni ma na amsa nasa. Na ba su takardar aikina ta kamfanin jigilar kaya a Al Quoz, da ta makarantar Ummi, da duk abin da suka nema.

Ranar Talata aka kawo takardunsa. Lauyata ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta ajiye mini wasiƙu uku a gabana. Rubutunki ne, Umma. An fassara su zuwa Larabci, mai fassara ya buga tambarinsa.

Ta farko: “Ka yi haƙuri da ita, yarinya ce, har yanzu hankali bai game ta ba.”

Ta biyu: “Ni na haife ta, na san halinta. Ga baki ga saurin fushi, in ta hau ba ta ganin kowa.”

Ta uku kuwa: “Ba ta da ƙarfin zuciya, abu kaɗan ke gigita ta. A halin da take ciki ko kanta ba ta iya riƙewa ba, balle yarinya. Kai ne babba, ka riƙe abinka.”

Lauyar ta dube ni ta ce, “Habibti, mahaifiyarki ce ta rubuta wannan? Wadda ta haife ki?” Lauyansa ya rubuta a ƙasa cewa ga shaida daga bakin uwarta cewa ba ta cancanci riƙon 'ya ba.

Na fito na tsaya a bakin titi, motocin haya suna ta wucewa, na manta wacce zan hau.

Umma, ke kika rubuta? In ke ce, me na yi miki?

'Yarki,
Murjanatu

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
27 ga Afrilu, 2025

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Gwiwa da sauƙi. Ki ce wa Ummi kada ta riƙa sa harshe a giɓin.

Ni na rubuta, kuma ban ga abin da ya kai ki tambayata me kika yi mini ba. Har kin yi girman da za ki tuhumi uwarki?

Duk uwar da ta san ciwon kanta haka take faɗa wa suruki. Lokacin da na yi yaji ina da cikinki, mahaifinki ya zo biko, a gabana kakarki ta ce masa ba ni da wayo, ba ni da kunya, ya taimaka ya rufa mata asiri ya ɗauke ni. Ina bayan labule ina ji. Ko kusa ban ɗauka ta ƙi ni ba, shi ma bai ɗauka da gaske take ba. So kike in rubuta wa mijinki cewa 'yata ta fi kowa hankali, shi ne mai laifi? Sai a ce na ɗaure miki gindi, auren ya mutu a ranar. Na ƙasƙantar da ke a takarda ne don ki zauna da daraja a ɗakinki. Wannan ko yaron goye ya sani.

Alƙalin nan ai babban mutum ne, kuma Musulmi, shi ma uwa ce ta haife shi. Da ya karanta zai gane maganar iyaye ce. Ki faɗa wa lauyar taki ta daina ɗaga miki hankali.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne Muhyiddeen ya fitar da su. Zan aika wa mahaifinsa, Malam Halliru, a ja masa kunne. Amma don shi ya yi rashin ta ido ba zai sa ni ma in yi ba. Wasiƙunsa suna nan inda na ajiye su, kuma nan za su zauna. Akwai maganar da mutum yake ba ka amana, ka ce masa ka riƙe. Wanda ya saki amana don ya ga ta tsananta, dama can bai riƙe ba.

Ki yawaita istigfari.

Mahaifiyarki,
Khadijatul Kubra

*

Al Karama, Dubai
9 ga Mayu, 2025

Umma,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini in maganata ta yi kaushi, ba tuhumarki nake ba. Na gane abin da kika nufa, wallahi na gane. Amma su ba su gane ba.

Na yi wa lauyata bayanin al'adarmu kamar yadda kika rubuto. Ta saurara har na gama, ta ce ko a ƙasarsu ana yin mai kama da haka, amma alƙali takarda yake karantawa, ba ya karanta abin da ke bayanta. A zaman da aka yi ranar Laraba ya karanta ta ukun da kansa, ya ɗaga kai ya dube ni ya daɗe. Ya ba da umarni Ummi ta riƙa yin Asabar da Lahadi a wurin ubanta kafin a yanke hukunci. Gobe zan kai ta. Malam Halliru kuma da kika aika wa, ya ce shi ba ya shiga maganar da ke gaban hukuma.

Ga dalilin wannan takarda. Kin san yadda kike sa lamba a saman kowane shafi tun zamanin da kike aikin buga takardu a ma'aikata. Lauyata ta lura wasiƙa ta uku da lamba biyu ta fara. Babu gaisuwa, babu kwanan wata, daga tsakiyar magana ta tashi. Ta rubuta masa a hukumance ya kawo shafin farko. Ya amsa cewa ya ɓace lokacin da ya tashi daga gida. Ta sake tambayarsa a wace shekara aka rubuto, kuma amsar wace magana ce. Ya ce bai tuna ba.

Umma, mutumin da ya adana wasiƙu uku shekara da shekaru bai ɓatar da shafi ɗaya tak ba. Cire shi ya yi. Me ke cikinsa? Wane hali nake ciki da kika ce ban iya riƙe kaina ba? Wace amana ce kike faɗa?

Alƙali ya ce ranar 28 ga wata za a rufe karɓar takardu. Bayan nan ko me aka kawo ba zai duba ba. Fassara kuma tana cin kwana biyu. Hajiya A'i za ta dawo nan ranar 18. Don Allah, don Annabi, ki ba ta wani abu.

Murjanatu

*

Al Karama, Dubai
19 ga Mayu, 2025

Umma,

Jiya na je masaukin Hajiya A'i tun kafin ta kwance kaya. Ta ba ni kuka da daddawa da yajin da kika aiko. Na zazzage ledar har ƙasa, na duba cikin ƙullin kukar. Na ce, “Hajiya, babu takarda?” Ta ce ta je har gida sau biyu, kin ce ba ki da abin faɗa.

To na ji. Kin zaɓa.

Ranar Lahadi da na je ɗauko Ummi, a shago na same ta, zaune a kan taya, rana ta take, shi yana can ciki da masu sauke kwantena. Babu wani gida mai ɗaki biyu. Na ɗauki hoto, lauya ta ce hoto ɗaya ba zai ture maganar uwa ba.

Saura kwana tara. In suka ɗauke ta, Umma, da rubutunki suka ɗauke ta. Ba zan ƙara roƙonki ba. Wannan ta hannun wani ɗan kasuwar Kwari na aiko, zai tashi gobe.

Murjanatu

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
23 ga Mayu, 2025

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, mai tafiyar yana jirana a zaure, jirginsu na la'asar ne.

Ban zaɓa ba. Da na ce wa A'i ba ni da abin faɗa, na zauna da biro sau huɗu ne na kasa. Ki karanta wannan a zaune, kuma kada Ummi tana kusa.

Shekaranjiya, bayan na karanta takardarki, na karya dokata na sa Kamila ta kira mini Muhyiddeen. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Na ce, “Ina shafin farko?” Ya ce, “Umma, ki yi haƙuri, lauya ne ya ce in kawo abin da zai taimake ni.” Na ce ba lauya na rubuto wa ba. Na ce, “A kan taya ka ajiye mini jika a tsakiyar rana? Kai? Bayan abin da ya faru?” Sai ya ce, “Umma, kin fa rantse.” Da wannan ya dogara tun farko. Ya san irin macen da nake, shi ya sa ya cire shafin hankalinsa kwance.

Ga abin da ya faru. Shekara biyu da suka wuce, a watan Yuli, lokacin da kika zo Kano rasuwar mahaifinki kika bar Ummi a wurinsa, ya tafi da ita shago. Ta yi barci a kujerar baya. Aka kawo musu kaya, ya kashe mota ya kulle, wai minti biyar zai yi. Gardama ta kaure tsakaninsa da direban da ya kawo kayan, ya manta da ita kusan awa ɗaya, a wannan zafin naku. Wani bakanike ɗan Pakistan ne ya hango ta ya fasa gilashi. Ba ta numfashi sosai lokacin da aka fito da ita. Kwana biyu ta yi a asibiti. A can ya ce musu wasa ta yi a rana. Ke kuma ya ce miki zazzaɓi ne, har kika ce ya ba ta ruwa da yawa. Ina zaune kusa da ke kika yi wannan wayar.

Bayan kwana huɗu wasiƙarsa ta zo mini ta hannun matafiyi. Ya faɗi komai, har sunan asibitin da ranar, ya ce ya kasa barci, in yi masa sadaka, in yi wa Allah kada in gaya miki. Kina ɗakina a lokacin, kwana tara da binne mahaifinki, ko kunu ba kya iya sha. Na ba shi amsa. A shafin farko na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan wani ba, na kuma rantse masa ba za ki ji daga bakina ba. A na biyu na faɗi dalili: ba ki da ƙarfin da za ki ɗauki wannan a kan wancan. Halin da kike ciki ke nan, Murjanatu. Makokin ubanki kike. Abin da na ce ya riƙe kuwa, sirrinsa ne, ba 'yar ba.

Na sa miki wasiƙarsa ta asali, da hannunsa da sa hannunsa. Na kuma yago shafin farkon daga littafin da nake fara rubutu kafin in kwafe, da kwanan wata a sama. Akwai takarda ta uku da na rubuta wa alƙali, na yi bayanin abin da uwa take nufi in ta kushe 'yarta a gaban suruki, na kuma faɗa masa gaskiyar yadda kike riƙe da Ummi. Ban saba yabon ɗan da na haifa ba, ta ba ni wuya, amma na rubuta. In yana so in rantse, a kira ni a waya, zan rantse.

Rantsuwar da na karya kuma tsakanina da Ubangijina ce. Na sa Kamila ta dafa abincin mutum goma an kai bakin masallaci. Na daɗe ina yi miki wa'azin amana, ban tsaya na tambayi kaina amanar wa na fi cancanta in riƙe ba, ta babban mutum mai gemu ko ta yarinyar da aka kulle a mota.

Gobe Asabar zai kawo miki. Ki kai fassara a ranar, kada ki jira Litinin. Ki bar kuka sai bayan 28.

Mahaifiyarki,
Khadijatul Kubra

*

Al Karama, Dubai
1 ga Yuni, 2025

Umma,

Saƙo ya iso ranar Asabar da yamma. Ofisoshin fassara biyu na samu a rufe, na uku ya ce sai Talata. Na zauna a ƙofarsa har ya ce, “Yalla, kawo,” ya gama ranar Litinin. Ranar Talata lauyata ta shigar, saura kwana ɗaya. Ta kuma nemi kotu ta karɓo bayanin kwanciyar daga asibitin.

Ba a kai ga nan ba. A zaman kotu, da lauyansa ya ga wasiƙar, ya ga amsar da Muhyiddeen ya bayar cewa ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, sai ya nemi a ba su minti goma. Suka fita. Da suka dawo ya janye neman riƙon. Alƙali ya bar mini Ummi, ya ce a miƙo fasfonta, ubanta kuma ya riƙa ganinta a gidana ko inda na yarda. Maganar raba auren sai wata mai zuwa.

Fasfon yana jakata. Ummi tana nan gabana tana cin shinkafa. Na tambaye ta ko ta tuna wata rana da ta yi barci a motar Abba. Ta ce, “Ranar da mutumin nan ya fasa gilashi?” Ta tuna, Umma. Shekara biyu tana ɗauke da shi, an ce mata kada ta faɗa mini.

Na gode da abin da kika aiko. Tambaya ɗaya gare ni, kuma ina son gaskiya. Da bai kai wasiƙunki kotu ba, da za ki taɓa gaya mini?

Murjanatu

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Yuni, 2025

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da sallah. Alhamdu lillahi da Allah ya bar miki 'yarki. Na yi sujada duk da gwiwar.

Kin ce kina son gaskiya. A'a. Da ba zan gaya miki ba. Da na tafi da shi kabarina ina ganin na yi aikin lada.

Ban san ita ma an sa ta ta ɓoye ba. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba.

Ba zan ce ki yi haƙuri ba, na faɗa miki shi da yawa a inda bai kamata ba. In kin ga dama ki rubuto, in kuma sai kin huce, zan jira. Ki dai zauna da Ummi ki gaya mata cewa daga yau duk wanda ya ce ta ɓoye miki wani abu, ko ubanta ne, ko ni ce, ta zo ta faɗa miki a ranar.

Mahaifiyarki,
Khadijatul Kubra